Kundin Karnukan Yaya Babba

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da maigidanki da yara cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagayen sa ido a gidajen maƙwabta. Matata tana nan tana fama da ni.

Maganar Yaya Babba ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, ba shi da aiki sai gyaran rediyon da ba ta lalace ba. Da kyamarar da kika aiko masa ta iso, mun zaci jikoki zai ɗauka, ashe karnukan titi ya ga sun fi mu kyan fuska. Kullum da hantsi yana bayan mayanka ko gindin famfon tasha, a durƙushe da furfurarsa, yana jiran kare ya gama hamma. Duk ya sa musu suna. Akwai Gurgu, mai kwana ƙarƙashin matacciyar tasi a garejin bakanike, da Mai Jego, karya mai 'ya'ya biyar a cikin kwalbati, wadda mai shayi ke jefa wa ragowar burodi yana zaginta. Gaskiya hotunan sun yi kyau. Akwai wanda Gurgu ke kallon fasinjoji kamar shi ne shugaban tasha.

Nan ne na tsoma baki, da iyayina na wanda ya karanta littattafai. Na ce masa hoto ba bayani aikin banza ne, ya rubuta ƙarƙashin kowanne inda karen yake kwana, lokacin fitowarsa, da abin da ya fi son ci. Kin san shekara talatin Yaya ya yi yana jera fayil a ofis. Ya haɗa kundi mai shafi sittin, har da taswira.

Watan jiya wani baƙon kare, da ba ya ma cikin kundin, ya ciji telan unguwarmu a ƙauri. Unguwa ta ɗauki zafi. Yaya ya sa kayan fitarsa ya kai kundin ofishin tsafta, don ya nuna musu karnukan nan sanannu ne, allurar rigakafi kawai suke buƙata. Jami'in ya ba shi kujera, ya yi ta juya shafuka yana yabo, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba, a bar masa shi mako guda ya nuna wa na sama.

Ranar Talata ma'aikatan tsafta suka zo da nama mai guba a bokiti. Ba su sha wahalar nema ba, shafi-shafi suka bi. Bakanike ya ce ya ga kundin a hannun ɗayansu yana sa alama. Wanda aka rubuta yana son hanji, hanji aka ba shi. Kafin la'asar an cika amalanke biyu da gawar karnuka. Mai Jego ta ci nata ta ja jiki ta koma cikin kwalbati, inda hannu ba ya kaiwa; kwana biyu ana jin kukan 'ya'yan, sannan aka daina ji. Tela ya warke sarai. Wanda ya cije shi kuwa yana nan yana yawonsa, tunda ba shi da fayil.

An dawo wa Yaya da kundinsa, da maiƙo a gefen shafuka, haɗe da takardar godiya mai hatimi. A ƙasa jami'in ya ƙara da hannunsa cewa za su so ya yi musu na unguwar gaba. Yanzu in ya wuce mayanka sai mahauta su rufe fuska suna dariya, wai kada ya ɗauke su hoto. Ya daina fita, abinci ma sai an matsa. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Jiya da na je, ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambaye ni cikin ladabi ko akwai sauran shawarar da littattafaina suka bayar.

Don haka ki kira shi, kada ki tambayi hotuna, ki ce ya zo wurinku ya yi ko wata biyu ne. Daga bakinki zai ji. Ni yanzu ko ruwa na ce ya sha, sai ya duba kofin.

Ki gaishe da maigidan, da Auta, da takwarar Inna. Inna da matata suna gaishe ku.

Ni ne yayanki,
na tsakiya.