Bizar Iyali

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gimbiya da Inna. Ya makaranta, ya ɗalibanka masu fasa kwalaben gwaji? Ni dai lafiya lau, sai kewa.

Na fara aiki a nan ƙasar waje. Ɗakin gwajin kamfanin fentin yana hawa na biyu, tagarsa ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Aikina in gwada kowane kwaɓi kafin a zuba shi a gwangwani: kaurinsa, saurin bushewarsa, ko akwai dalma a ciki. Na'urorin nan da ni da kai muka haddace a littafi ba mu taɓa ganinsu ba, ga su a gabana. Ranar farko na waiwaya in nuna maka ɗaya, sai na ga bango.

Ɗakina ƙarami ne, gado da tebur da murhu. Har yanzu in na ɗora tukunya, abincin mutum uku hannuna yake aunawa.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka har kullum,
Maman Gimbiya

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi?

Na zauna da matar da ke kula da takardun ma'aikatanmu a kan maganar zuwanku. Ta ce hanya uku ce. Ko ka sami kamfanin da zai ɗauke ka ya tsaya maka, kamar yadda aka yi mini, amma sai hukuma ta tantance takardun karatunka tukuna. Ko wata jami'a ta gayyace ka bincike, ita kuwa gajeriyar biza ce, ba a zuwa da yaro. Ko kuma bizar iyali, ku shigo ta kaina kai da Gimbiya. Ita ta fi sauri, sai dai za ka zauna ba aiki har izinin aikinka ya fito.

Na san wadda ka ƙi. Yayarka ta gaya mini ka ce ba za a rataya ka a fasfon mace kamar jakar hannu ba. Na yi dariya, daga baya na yi kuka. Kai ka koya mini awon asid, kuma kai ka ce in tafi sanda kowa ke cewa in zauna. Wa ya isa ya raina ka?

Zan jira ka nemi taka da kanka. Amma ka sani, shekaranjiya da na kira, Gimbiya ɓuya ta yi a bayan Inna. Sai da aka lallashe ta ta fito ta ce mini, "Ina wuni." Gaisuwar baƙuwa, Baban Gimbiya.

Matarka mai kewarka,
Maman Gimbiya

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ƙoƙari. Ya gida, ya haƙuri?

Wasiƙarka ta iso. Na ji zafin abin da kamfanin magungunan nan ya yi, bayan sun yaba da kai su ɗauki wani don tantancewar ta yi jinkiri. Asararsu ce. Amma ƙarshen wasiƙar na fi maimaita karantawa, inda ka rubuta a taƙaice, kamar mai ba da labarin ruwan sama, cewa ka kai fasfonku ofishin jakadanci, bizar iyali ka nema. Na san abin da ka haɗiye kafin ka rubuta wannan. Allah ya saka maka.

Ba zan ɓoye maka ba, zaman zai yi maka nauyi. Zan fita da farar rigata in bar ka da yarinya, kai da ka saba tsayawa gaban aji. In ranka ya ɓaci, ya ɓaci a gabana, ya fi mini.

Sai wata alfarma. Jiya na shiga shago in saya wa Gimbiya takalmin makaranta. Mai shagon ya tambaye ni lambar ƙafarta, sai na ga ban sani ba. Ka auna mini da zare ka saka a ambulan, kada ka gaya wa kowa na tambaya.

Ina nan ina jiranku.

Taka,
Maman Gimbiya