Rarar Kuɗin Wutar Shagon Pius

Funtuwa, 14 ga Janairu, 1968.

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Malam Abdussamad, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa takardata ta iske ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiya. An gama cirar auduga, an kai ma'auna, dawa kuma ta yi kyau a gonar Bakori. Inna tana nan, tana yawan ambatonka.

Yaya, wani al'amari ne ya hana ni sukuni. Ka tuna Pius mai gyaran rediyo, wanda ya yi haya a shagon ƙofar gidanmu har ya jawo wutar lantarki? Lokacin tashin hankalin bara waccan ya kulle shagon ya tafi. Direban da ya ɗauke shi ya dawo ya shaida mana bai kai gida ba, a hanya ya cika, a gabansa aka binne shi. Tun sannan takardar kuɗin wuta take zuwa duk wata, Inna tana turawa ƙarƙashin tabarma. Da na samu hutu a makarantar da nake koyarwa na zauna na duba su, sai na ga adadi da jan tawada, kullum ƙaruwa yake, har ya kai fam biyar da sule shida. Na ɗauka bashi ne ya hau kanmu.

Na sa Kawu Jibo ya raka ni ofishin wuta. Akawun wurin, wani Bayarabe mai suna Jimoh, ya yi mini bayani da Hausarsa tas. Ya ce baƙar tawada ita ce abin da ake bin mutum, ja kuwa rara ce, wato ya biya fiye da wutar da ya sha, ana ajiye masa a cire daga ta gaba. Ya ce kuma wanda ya biya cikin kwana goma ana yi masa rangwame, shi ma a zuba kan rarar. Mai shagon nan, in ji shi, bai taɓa makara ba, duk Litinin ɗin farkon wata yakan kawo sule goma da hantsi. Na tambaye shi wa yake kawowa. Ya yi mamakin tambayar, ya ce ai shi mai sunan, dogo, baƙi, mai tabon ƙuna a bayan hannun dama. Jimoh baƙo ne a Funtuwa, bai san Pius ba, bai san labarinsa ba. Ya juyo mini littafin rasit, na ga sa hannu goma sha biyar a jere. Ni na san rubutun Pius, Yaya, shi yake rubuta wa Baba lissafin haya.

Washegari bayan azahar Kawu ya fasa kwaɗon shagon. Ƙura ta rufe ƙasa, babu sawun kowa, ko na ɓera. Rediyoyin mutane na nan jere yadda ya bar su. Amma ƙwan fitilar da ke bisa teburin aikinsa yana kunne. Kawu ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya kashe, muka fito.

Da Litinin ɗin farkon wata ta kewayo na koma ofishin don in gani da idona. Ina shiga Jimoh ya ce yanzun nan ya fita, lalle mun yi kiciɓis a ƙofa. Ban ga kowa ba. Tawadar rasit ɗin ko bushewa ba ta yi ba. Ya ce wannan karon mutumin bai kawo kuɗi ba, cewa ya yi a mayar da rarar da sunan tsohuwar gidan, a ja mata waya zuwa ɗakinta, shi ba zai ƙara zuwa ba.

Da na gaya wa Inna ba ta razana ba. Ta ce kwana ukun da ta ɓoye shi a ɗakin dawa kafin ya samu mota, duk sanda ta kai masa tuwo sai ya ce duhun gidan nan ya yi yawa, wata rana sai ya sa mata fitila. An ja wayar shekaranjiya. Jimoh ya lissafa, bayan an cire kuɗin aiki, rarar za ta kai ta ƙarshen damina. Na ce kada ta damu, in ta ƙare ni zan riƙa biya daga albashina. Ta dube ni tana murmushi, ta ce in riƙe kuɗina, wannan ma ta ishe ta.

Yaya, don Allah ka zo gida kafin ruwa ya ɗauke.

Ka gai da Yaya Shafa'atu da su Hansai da Maiwada. Kawu Jibo yana gaishe ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Lauratu.