Hedifon ɗin Sani

Daren Laraba, Roni.

Yau ma Habu ɗan ƙanena ya zo da mai shagon wayoyin nan na Kazaure, a kan hedifon ɗin da ɗana Sani ya bar mini da zai tafi Legas. Bara kuɗin buhun taki ɗaya suka taya. Yau wai buhu huɗu, don irinsa ya yi tsada.

Habu ya ce, "Haba Baffa, rediyo kawai kake ji da shi. Ka sayar ka huta."

Na ce, "Kunnena ya yi nauyi, da shi nake jin labarai. Tashi ka ba ni wuri!"

Bai tashi ba. Suka zauna har la'asar, muka sha fura, muka yi hirar damina.

Sani wata biyar bai kira ba. Habu kuwa bai san hanyar zauren nan ba sai da abin ya yi kuɗi. Na sani, ba ni suke zuwa gani ba. Amma ran da na sayar, wa zai ƙara yi mini sallama?

Na ce su dawo Juma'a, zan yi tunani. Ba sayarwa zan yi ba.