Aikin Mai Yanka, Albashin Mai Tsintar Zare

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta rage tsayuwa, aikin gida ba ya ƙarewa.

Kin tambayi abin da ya ramar da ni a hoton da na aiko. Na so in ɓoye, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin san tsintar zare aka ɗauke ni a kamfanin ɗinkin nan, in zauna da ɗan almakashi ina datse zaren da ya yi saura a jikin riga. To wata bakwai ke nan rabona da wannan kujera. Da hawan jini ya kwantar da dattijon da ke mana yanka, manaja ya ce in riƙe teburinsa na mako biyu, tunda ni nake taya shi shimfiɗa yadi. Yadi hawa sittin ake jerawa, a zana, a bi zanen da wuƙar lantarki. Hannu ya goce kaɗan, riga sittin ta tafi, ko kuma yatsa.

Albashi kuwa ko motsi bai yi ba, alhali na mai yanka ya ninka nawa har da ɗori. Sau huɗu ina shiga ofis, amsar ɗaya ce, wai takardata tana sama. Ban san wane irin sama ba ne wannan da ba a saukowa daga gare shi.

Kada Inna ta ji. Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso, na kuma ji shawararki ta haƙuri. Sai dai abin ya wuce nan.

An ba mu aikin rigunan ma'aikatan wani asibiti, dubu biyu, a gama cikin kwana goma. Ranar Laraba aka gano bandir ɗaya na yadin launinsa ya fi saura duhu, bayan na riga na yanka. Daga sito aka kawo min shi a haka. Manaja ya kira ni gaban mai kula da layin masu ɗinki, ya ce duba launi haƙƙin mai yanka ne, don haka za a cire asarar daga albashina. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, in laifi ne ni ce mai yanka, in albashi ne ni ce mai tsintar zare?” Sai ya turo min wata takarda in sa hannu, wai da son raina nake yanka don koyon aiki. Na ce zan yi tunani.

Baban yara ya tsorata. Ya ce masu jiran aiki a bakin ƙofar kamfanin sun fi ƙuda yawa, kuma shi kasuwarsa ba ta tafiya. Gaskiya ya faɗa. Amma in na sa hannu, ranar da wuƙar ta ci yatsana ma za su ce ni na kai kaina. Ran Litinin zan koma kujerata ta tsintar zare. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Muna lafiya, kada hankalinki ya tashi.

Na yi abin da na ce. Na shiga na wuce teburin yanka, na zauna na ɗauki ɗan almakashina. Kafin ƙarfe goma yankakken yadi ya ƙare, kekunan ɗinki arba'in suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba, har fanka ana jin kukanta. Abin da ban yi tunani a kai sosai ba shi ne masu ɗinki da yawan riga ake biyansu. Duk suka juyo suna kallona. Uwar Biyu, ƙawata da muke cin abincin rana a kwano ɗaya, ta ce, “Ke kina neman ƙari, mu kin tsayar mana da na yau.” Wannan ta fi min zafi a kan duk abin da manaja ya faɗa.

Shi kuwa ya sauko ya tsaya a kaina, ya ce in tashi in koma yanka ko in kama hanya. Na ce ai aikin da aka ɗauke ni nake yi. Ya sa mai kula da layi ya ɗauki wuƙar. Bawan Allah ya yi minti ashirin yana gumi, ya fitar da hannun riga sittin, duk na hagu. Ba wanda ya yi dariya.

Ƙarfe biyu aka kira ni ofis. Takardar da ta yi wata bakwai a sama ta sauko cikin awa huɗu. Sun mai da ni mai yanka da albashinsa, sun janye maganar asara, amma na watannin baya sun ce in manta da shi. Sai da na karanta sau biyu a tsaye kafin na sa hannu. Mai kula da layi ya raɗa min cewa an sa min ido, kuskure ɗaya suke jira.

Na samu abin da na nema, Yaya, amma murna ta ƙi zuwa. Kwana huɗu Uwar Biyu ba ta gaishe ni ba, ni kaɗai nake cin abinci a bayan sito. Yau ta zo ɗaukar yankan ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, “Da kin gaya mana tun Asabar, da tare muka zauna.” Ta ɗauki ɗaurinta ta koma kekenta.

In kina da abin da zan ce mata ki rubuto min.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta