Kuncin da ke Wajen Taga

Zuwa ga Noelene, ruwan farko bayan dogon fari, inuwata a ƙasar da itace ya yi ƙaranci, mai shayin da babu irinsa daga garin Winton har bakin teku!

Na kasa zama, Noelene. Na yi ta safa da marwa a barandar asibitin nan na Brisbane har masu jinya sun fara kirana mai gadi. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyarin motar shanu, yaya za a ce ya zauna yana kallon ruwan magani na ɗiga cikin hannunsa?

Kin tuna tagar dama, ta gefen direba? Ta nan kike ɗare matakalar mota a gaban shagonki, ki miƙo min shayi, ki sumbaci kuncina, ki ce, "Kai tsoho, kunne ya yi ja kamar tumatir, ina hular?" Ni kuwa sai dariya. Ashe ta tagar da kike leƙowa rana ma take shigowa, kuma ta fi ki naci. Ɗan ƙurjin da aka yanke min bara a kuncin dama bai tafi ba. Ciwon daji ne, ya bi jijiyar fuska yana ci ta ciki kamar gara a ginshiƙi. Kuncin ya mutu murus, baki ya karkace. Shi ya sa na ce kada ki zo ki gan ni.

Likita ta ce wannan ruwa ba ya kashe cutar da kansa, dakarun jikina yake tasa daga barci su yi farautarta. Na ce mata in dai halin karnukana suka ɗauko, sai an yi musu fito biyu.

Ga abin da ya hana ni sukuni, hasken idona: tun shekaranjiya kamar tururuwa na yawo a kuncin. Haka cutar ta fara. Haka kuma, in ji likita, jijiya kan yi idan tana farfaɗowa. To, wanne ne? Baya ta ja, ko ƙwaƙwalwa ta dosa? Sai hoton cikin kaina da za a ɗauka ranar Alhamis zai faɗa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Masu jinya suna shafa min auduga a kuncin suna tambaya ko na ji. Auduga! Ina kuncina ya san auduga? Abu ɗaya ya sani a duniya.

Na janye maganata, tauraruwata. Ki rufe shagon, direbobi su sha ruwan famfo. Ki hau jirgin ƙasa a Longreach. Zan jira ki a tashar Brisbane cikin motar ƙanena, kujerar dama, gilashi a ƙasa, hula a ka. Ki zo ta taga kamar da. In na ji, ihuna sai ya kai Winton! In ban ji ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kada ki yi kuka, sai in juyo miki na hagu.

Naki ni kaɗai, da rabin da ke ji da rabin da ba ya ji, har ƙasa ta rufe duka biyun,

Clarrie