Ƙugiyar da Aka Hana Harira

Kurmin Mashi, Kaduna
8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Alhaji Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Kaltume da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? An ce mini yanzu a zaune kake salla. Allah ya sa kaffara ce.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, Datti, ina jiran amsar takarda guda. In ka manta, ni ban manta ba. Shekarar da ƙungiyarmu ta masu ɗab'i ta buɗe wurin koyar da aikin kwamfuta a Kawo, aka naɗa ka shugaban wurin, na kawo takardata da ƙafata ina neman a ɗauke ni ɗalibi. Akawunku ya juya ta gaba da baya, ya ce ina satifiket ɗina na firamare. Na ce babu. Ya ce to in tafi, za a neme ni. Har yau ana nema na. Ni da na buga satifiket ɗin da ban san iyakarsa ba a garin nan. Na farkon da kuka raba wa ɗalibanku ma a kan injina aka buga shi, da ruwan zinare a gefe. Ka sa hannu a kai, ka ce ya yi kyau.

Za ka ga wasiƙar nan bugaggiya ce. Ka san hannuna bai saba da biro ba, ban taɓa zama a aji ba. A maɗaba'ar da muka fara shara tare ni da kai na koyi baƙi, a jikin dalma, a juye. Kai ka tafi ajin yamma, ka sami takarda, ka shiga gwamnati. Ni na tsaya gaban akwatin haruffa har bayana ya ranƙwafa. To harafi-harafi na tsinci wannan magana na jera, na shafa tawada, na buga kwafi ɗaya tak. Kwana uku ta ci mini, domin "a" ɗina sun ƙaranta, sai na buga rabi, na warware, na sake jerawa. Na faɗa maka ne don ka san ba wasa ya sa ni ɓata dalma ba.

Na ga ɗanka ya zo ta'aziyyar matata Harira a madadinka. Na gode. Da kai ka zo da na fi godewa.

Ga abin da ya faru. Da za a yi sadakar arba'in ɗinta, ƙaninta Rilwanu ya ce a buga 'yar takardar addu'a da sunanta a raba wa jama'a. Na ce ni zan buga. Ya ce injina tafiyar hawainiya yake yi, kuma ni mai makoki ne, in huta. Ya kai wani shagon kwamfuta. Ranar sadaka aka kawo kwali, kwafi ɗari uku, takarda mai ƙyalli, da furanni a gefe. Na zaro ɗaya. A sama, da manyan baƙaƙe, an rubuta ALLAH YA JIKANTA.

Ka sake karantawa, Datti. Babu ƙugiya a kan harafin. Jiƙanta ake nufi, aka rubuta jikanta.

Kai ka san Harira. Shekara arba'in da huɗu muna tare, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ta goyi 'ya'yan mutane har kafaɗarta ta yi kanta, ta aurar da wasu, amma duk ranar sunan jikan wata, in ta dawo gida sai ta ce kanta na ciwo ta shige ɗaki. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Sai ga shi ranar da ya kamata a roƙa mata rahama, an ba ta jika a takarda, sau ɗari uku, a hannun kowa.

Mutane suna karɓa suna cewa amin. Ba wanda ya gani. Na nuna wa limaminmu, ya ce in yi haƙuri, Allah ya san nufi. Na ce na sani, malam, ai ba Allah nake tuhuma ba.

Na tambayi Rilwanu wa ya buga. Ya ce wata mata ce, Hauwa'u, shagonta na kan hanyar Kawo, kuma ƙwararriya ce, satifiket ɗinta na rataye a bango. Na ce na ina? Ya ce na wurinku. Ashe da sa hannunka aka yi wa matata wannan.

Ina so in ji daga gare ka me kuke koya musu.

Ka gaishe mini da Hajiya.

Naka,
Husaini Dalma


Kurmin Mashi, Kaduna
29 ga Yuli, 2024

Alhaji Datti,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Mu nan rufin shago na yoyo daidai kan akwatin manyan haruffa, na rufe shi da buhu. Yaya jikin?

Maigadinka ya rantse mini ya sa wasiƙata a hannunka. To, mako uku. Ban yi mamaki ba. Wanda ya jira shekara goma sha ɗaya, mako uku ba ya ba shi tsoro.

Na je shagon matar nan. Ba zan ɓoye maka ba, faɗa na je yi. Na tarar da mace kamila, da goyo a bayanta, mutane a layi, wannan katin biki, wancan takardar makaranta. Na jira har suka watse. Na ajiye takardar Harira a kan teburinta na ce ta karanta mini layin sama. Ta karanta daidai, da bakinta ta sa ƙugiyar. Na ce to nuna mini ita a takarda. Ta duba, ta ce Baba, ai haka kowa yake rubutawa.

Na zaro harafin Ƙ na dalma daga aljihu na ɗora mata a tafin hannu. Ta jujjuya shi ba ta gane ba, don a juye yake. Na dangwala shi a tawadar hatiminta na buga a bayan takardar. Na ce ta faɗi jika. Ta faɗa. Na ce ta faɗi jiƙa. Ta faɗa. Sannan na gaya mata wace ce Harira.

Na zaci za ta yi gardama, na zo da guzurin gardama. Sai ta sa gefen mayafinta ta toshe baki. Da ta buɗe baki, ta ce wata shida ta yi a wurinku. An koya musu haɗa kala, da gyaran hoto, da yadda na'ura ke ja wa kuskuren Turanci jan layi a ƙasa. Ba a taɓa ambatar Hausa ba ko sau ɗaya, alhali rabin aikin da ake kawo mata Hausa ne. Ta ce ita a zatonta injin Bature ba ya da waɗannan haruffa. Na ce ni ma zatona ke nan. Na dawo gida da faɗana a ciki ban sauke wa kowa ba.

Bayan kwana biyu sai ga ta a bakin shagona, ta sauko daga keke. Ta ce Baba, duba. Ta danne k a wayarta ta riƙe, sai ga ƙ ta leƙo. Ta danne d, ga ɗ. Ta danne b, ga ɓ. Ta ce ta bincika, a kwamfutar ma suna nan, sai dai wasu zubin haruffan ba su da su, in ka sa sai su ba ka akwati fanko, dole ka san waɗanda za ka zaɓa.

Datti, shekara nawa ina tsine wa injin nan a majalisa, ina cewa ba ya jin Hausa. Ashe yana ji. Ba a dai gaya wa masu riƙe da shi ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko daga nawa. Na ce ba ka amsa mini ba, kuma a rubuce ba ka amsa ba. Amma na tuna ka aiko direbanka a wancan lokaci, ya ce ka ce in riƙa zuwa ina zama a bayan aji, ba sai sunana ya shiga rajista ba. Na ce ya koma ya gaya maka ni ba mai leƙen taga ba ne. Harira tana bayan ƙofa ta ji. Ta ce Malam, ilimi ka je nema ko suna? Kwana biyu ban ci tuwonta ba saboda wannan magana. Da na ji tata na je, da na iya kwamfutar, kuma da ni zan buga mata takardarta. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na jera shi a dalma sau biyu ina warwarewa kafin na bar shi.

Mun sake buga takardar a shagon Hauwa'u, ita tana dannawa ni ina dubawa. Sai na ga idona na tuntuɓe a gilashin kwamfutar, don ban saba ganin baƙi a miƙe kafin a buga ba. Na ce kash, da a juye yake. Ta ce wannan ne kawai? Ta taɓa wani abu, shafin gaba ɗaya ya juya kamar a madubi. Nan take na kamo mata kuskure biyu, "ɗaukaka" da "ƙabari", na farko an hana shi ƙugiya, na biyu an ba shi wadda ba tasa ba. Ta yi dariya har goyonta ya farka, ta ce ita ba ta taɓa ganin mai karatu ta baya ba.

Na bi gida-gida ina karɓar tsohuwar ina ba da sabuwa. Wasu na kallo na kamar na taɓu. Ɗari da goma sha biyu na samo. Sauran suna can cikin litattafan mutane da aljifansu, da jikan da ba ta haifa ba.

Ɗalibanku nawa ne a garin nan, Datti, kowa da shagonsa?

Wassalam.

Husaini


Kurmin Mashi, Kaduna
19 ga Agusta, 2024

Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa Hajiya da iyali. Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe gajartar gaisuwar, haruffan nake tattali.

Abu biyu. Na je asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ɗigon magani zai rage masa sauri ne kawai. Na ce shekara nawa? Ya ce shi ba ya yanke wa Allah hukunci, amma in akwai aikin ido da nake son yi, in yi shi bana.

Na biyu, magadan mai gidan da shagona yake sun sayar da ginin. Ƙarshen wata zan tashi. 'Yan gwangwan sun riga sun zo sun zagaya injin ɗab'ina, ɗaya ya ɗebi haruffa a hannu yana jijjiga nauyinsu kamar mai sayen gero. Ya ce dalmar mai kyau ce, za ta narke da wuri. Sun ce Asabar ta ƙarshen wata za su zo da mota. Ɗakina ba zai ɗauki injin ba, kai ka san ɗakin.

Ga abin da nake nema, kuma ba bara nake yi ba. Ku ba ni lungu ɗaya a wurinku in ajiye injin da akwatunan, yara su ga inda sana'arsu ta fito. Ku ba ni awa biyu a mako in zauna da su da takardun Hausa, in koya musu duba aiki kafin a buga, su san bari daban ɓari daban, kafa daban ƙafa daban, su san akwai mai takarda da zai karanta ya yi kuka. Su kuma su koya mini kunna kwamfuta da inda ƙugiya take ɓuya. Hauwa'u ta ce za ta zo ta nuna wannan ɓangaren, har ta yi wa 'yan ajinsu shida magana. Amma ita ba ta da makullin aji. Kai ne da shi.

Batun rajista, na janye. A sa ni a baya, a sa ni a bakin ƙofa. Harira ta riga ta yanke wannan shari'ar, na makara ne wajen bin hukunci. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ga busasshe ya tanƙwaru da kansa, sai ku yi sauri kafin ya karye.

Abu ɗaya ne ban janye ba, amsa a rubuce. Kada ka aiko direba. Kada ka aiko ɗanka da buhun shinkafa. Mun yi shara da tsintsiya ɗaya ni da kai, mun ci ƙosai a takardar gwaji ɗaya tawada na bin yatsunmu. Na cancanci layi biyu da sa hannunka, irin wanda ka sa wa ɗaruruwan mutane da ba su san ka ba.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ji wani abu mai nauyi. Ƙ ce, babba, ita ce na sa a tafin Hauwa'u. In kun karɓe ni, ka riƙe ta, zan zo in same ta a kan teburinka. In ba ku karɓa ba, ka dawo mini da ita kafin Asabar ɗin, ta bi 'yan'uwanta wuta, kada ta yi saura ita kaɗai.

Kwana goma sha biyu ya rage. Ka amsa mini, Datti. Ko a'a ce, rubuta ta. A'a ba ta da ƙugiya, ba za ta wahalar da kowa a ofishinku ba.

Abokinka tun na tsintsiya,
Husaini Dalma,
mijin Harira, Allah ya jiƙanta.