Shaida Na Bakwai

Zuwa ga Yaya Sosimus, gidan Maigida Fabirus, Rum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma a Ostiya lafiya, ban da tarin mijina Hilarus da ya ƙi sauka.

Yaya, sha biyu ga watan gobe 'yarmu Marsila za ta cika shekara ɗaya. Kai a gaban alƙali Maigida ya 'yanta ka, aka taɓa ka da sanda, ka zama cikakken ɗan ƙasa. Mu kuwa a wajen cin abinci ya sake mu, gaban abokansa, giya na kansa. Irin wannan 'yanci na mai rai ne kawai. Ranar da Hilarus ya mutu, gidan burodin da ya gina da guminsa zai koma hannun Maigida, ni da yarinya ko buhun gari ba mu da shi. Mafita ɗaya ce: mu kai ta gaban alƙali tare da shaidu bakwai na aurenmu, a mayar da mu 'yan ƙasa. Shida sun amsa, kai ne na bakwai. Sau biyu ina aiko maka, shiru. Ba na son zarginka, amma raina ya fara ɓaci.

Ka gaida gida.
Ƙanwarka, Talusa.

Zuwa ga Yaya Sosimus.

Ina gaishe ka. Yaya ƙafar da aka ce ta hana ka tafiya? Da alama ta warke, don mai kawo mana alkama ya gan ka rannan kana bin Maigida zuwa gidan wanka, riƙe da mayafinsa, har da ɗan gudunka.

Ranar da Marsila ta cika shekara, tun safe muke tsaye a gaban alƙali, Hilarus jingine da bango yana tarin jini, ni da Marsila a kafaɗa. Da rana ta take, alƙali ya dubi shaidu shida ya ce mu dawo in mun cika. Kunyar da na sha ranar ba ta faɗuwa.

Na ji Maigida ya ce in ka zo zai kai ka ƙara a kan butulci. To, ni fa? Uwa ɗaya ta haife mu, rana ɗaya aka sayar da mu da farin alli a ƙafa, kai ka riƙe hannuna a kasuwar. Yau ka sa hular 'yanci, ka ɗauki sunan Maigida kana taƙama, amma wuyanka yana nan a sunkuye. Matsoraci ne kai, Yaya, ka ji daga bakina.

Alƙali zai sake zama bayan kwana ashirin. Ban san ko Hilarus zai kai ba. Ka zo.

Ƙanwarka duk da haka, Talusa.

Zuwa ga Sosimus.

Gaisuwa, tunda takarda ba ta farawa babu ita. Lafiyarka kuwa na gani da idona.

Ashe ka san hanyar Ostiya. Kwana tara da rasuwar Hilarus sai ga ka da bayi biyu da hatimin Maigida, ka karɓe makulli daga hannuna. Ka kasa kallona, kana cewa, "Talusa, doka ce, ba ni ba ne." Har ka yi mini tayin komawa kicin ɗin Maigida, wai tausayi ke nan. Na gode. Ina kwaɓa gari a gidan maƙwabta, ni da 'yata muna ci.

Kun karɓe tanderu, jakunan niƙa, har tabarmar da ya mutu a kai. Abu ɗaya doka ta hana ku taɓawa, kabarinsa. Abokan sana'arsa sun sa masa dutse a bakin hanyar Rum, dab da ƙofar gari, suka tambaye ni abin da za a sassaƙa. Na ce a sa sunansa, a sa na shaidu shidan da suka zo. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe: Sosimus, 'yantaccen Fabirus, ya ƙi zuwa.

An ce kai za ka riƙa zuwa duba gidan burodin duk wata. Wata hanyar shiga garin daga Rum babu, kuma masu keken shanu sun fara tambayar wane ne.

Ka huta lafiya.
Talusa, matar Hilarus.